Jirgin soja ya faɗi, an kafa kwamiti, to ina rahoton?

A hutun da ya wuce ina gida Kibiya, muna zaune a majalisarmu ta gindin darbejiya bayan la'asar, sai ga ƙarar jirgi mai saukar ungulu ta taso daga kudu, ta wajen dajin Falgore. Yara suka bar ƙwallo suna ɗaga masa hannu. Mu ma kowa ya ɗaga kai har ya ɓace, sannan wani dattijo da ke bakin benci ya ce, "Allah ya sauke ku lafiya, kada a yi irin ta Attahiru."

Shi ke nan fa, hira ta juya. Wannan ya ce hadari ne ya kayar da jirgin Attahiru. Wancan ya rantse da Allah cewa dasa masa wani abu aka yi. Wani ɗan acaɓa ya ce shi a TikTok ya ji cikakken bayani daga bakin wani wanda ya ji daga wani. Da musu ya yi zafi sai suka juyo kaina: "Kai ɗan jarida, raba mana gardama." Ni da ko aji uku ban gama ba, amma a garinmu tun ranar da aka ji kana karanta aikin jarida ka zama gidan rediyo. Na ciro waya na yi ta lalube har aka kira magariba. Na samu labarin faɗuwar jirgin, na samu hotunan jana'iza, na samu saƙonnin ta'aziyya fal. Takardar da za ta raba gardamar, wato rahoton binciken, ita ce babu.

Ga dai abin da kowa ya sani. Ranar Juma'a 21 ga Mayun 2021, kwana takwas bayan ƙaramar sallah, jirgin Rundunar Sojin Sama ƙirar Beechcraft King Air 350 ya tashi daga Abuja ɗauke da Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, wanda washegari zai halarci bikin yaye kuratan sojoji a Zariya. Yanayi ya ɓaci a Kaduna da yammacin nan, jirgin ya nufi filin jirgin saman farar hula maimakon na sansanin soja, ya faɗi daf da sauka. Mutum 11 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Akwai masu muƙamin Birgediya Janar har uku, cikinsu da Abdulrahman Kuliya, ɗan Kano, shugaban sashen leƙen asirin sojin ƙasa. Shi kansa Attahiru bai cika wata huɗu a kan kujerar ba.

A karon nan sojoji sun yi abin da ba su saba yi ba. Sun gayyaci hukumar farar hula mai binciken hatsarin jiragen sama, wadda a lokacin ake kira AIB, ta jagoranci aikin, bisa wata yarjejeniyar taimakon juna da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu a Yulin 2020. An gano na'urorin naɗar bayanai na jirgin, waɗanda muke ce wa baƙin akwati. Ranar 15 ga Satumban 2021 shugaban AIB, Akin Olateru, ya miƙa rahoton wucin gadi ga Babban Hafsan Sojin Sama na lokacin, Oladayo Amao. Aka ce rahoton na ɗauke da abubuwa 27 da aka gano da shawarwari 8 na gaggawa. An ɗauki hoto ana miƙa kundin, jaridu suka buga hoton da lambobin nan biyu. Abin da ke cikin 27 ɗin kuwa, ko ɗaya ba a karanta wa 'yan ƙasa ba, kuma shekaru sun shuɗe ba a fitar da kammalallen rahoto a bainar jama'a ba.

Ba mu 'yan gindin darbejiya kaɗai abin ya dama ba. A farkon 2024 Manjo Janar Danjuma Ali-Keffi mai ritaya, wanda shi ne kwamandan Runduna ta Ɗaya da ke Kaduna lokacin da abin ya faru, ya fito a jarida ya ce bai gamsu ba, ya nemi Shugaba Tinubu ya sa a sake bincike. Ko yana da gaskiya ko ba shi da ita, abin da zai warware maganar yana kulle a durowar wani ofis.

Me ya sa na fasinja ake gani, na soja ba a gani?

Da na koma makaranta na bi diddigin abin, sai na tarar gindin maganar ya girmi Najeriya mai 'yanci. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta faɗa a sashe na 3 cewa dokokinta na jiragen farar hula ne. Jiragen soja da na kwastan da na 'yan sanda, su jiragen gwamnati ne, kowace ƙasa ta san yadda za ta yi da nata.

Ga jiragen farar hula akwai ƙa'ida mai tsauri da ake kira Rataye na 13. Ta ce mai bincike ya zama mai cin gashin kansa, ba ya ƙarƙashin masu jirgin ko masu ba su lasisi. Ta ce manufar bincike ɗaya ce tak: hana sake aukuwar irin hatsarin, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. A fitar da rahoton farko cikin kwana 30. A yi ƙoƙarin fitar da na ƙarshe cikin wata 12, in bai samu ba a riƙa yi wa jama'a bayanin inda aka kwana duk shekara. A Najeriya AIB ce ke wannan aiki tun bayan dokar sufurin jiragen sama ta 2006, sannan a 2022 aka yi sabuwar doka da ta mayar da ita NSIB, aka faɗaɗa mata aiki zuwa jiragen ƙasa da na ruwa. An ba ta jirgin ƙasa, an ba ta kwalekwale, amma jirgin soja sai an gayyace ta, kuma wanda ya yi gayyatar shi ake kai wa rahoton, shi ne mai cewa a fitar ko a ajiye.

Ka ɗauki hatsarin jirgin Dana na 3 ga Yunin 2012 a Legas, wanda mutum 153 da ke ciki suka rasu. An daɗe kam, sai a 2017 rahoton ƙarshe ya fito, amma ya fito. Duk mai data zai iya karanta yadda injinan biyu suka mutu, da yadda matuƙan ba su sauka a fili mafi kusa ba tun da matsalar ta fara. Mu a Kano ba sai an ba mu labari ba: ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin kamfanin EAS ya rikito kan gidajen mutane a Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, mutum fiye da 100 suka rasu, cikinsu da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku. Bayan wannan ne gwamnati ta dakatar da jirage ƙirar BAC 1-11. Ana iya yin musu a kan ko matakin ya isa, amma aƙalla akwai abin da za a yi musun a kansa.

To yanzu koma shekara shida baya, a Kanon dai. Ranar 17 ga Janairun 1996 wani jirgi daga cikin jiragen fadar shugaban ƙasa ya faɗi a kusa da filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ya kashe Ibrahim Abacha, babban ɗan shugaban mulkin soja na lokacin, tare da wasu mutum 13. Wata ƙungiya da ba a santa ba ta fito ta ce ita ta yi. Tambayi duk wanda ya yi wayo a lokacin me ya kayar da jirgin, za ka ji amsa uku daga mutum uku, daidai irin abin da ya faru a majalisarmu.

Jerin yana da tsawo, ba zan tsaya kan kowanne ba. Jirgin C-130 da ya faɗa fadamar Ejigbo a Legas ranar 26 ga Satumban 1992 da mutum fiye da 150, akasarinsu hafsoshi masu tasowa da ke kwas a kwalejin Jaji. Jirgin Dornier da ya faɗi a Vandeikya ta Jihar Binuwai a Satumban 2006 ɗauke da janar-janar. Jirgin sojin ruwa mai saukar ungulu da ya kashe Gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi a Bayelsa ranar 15 ga Disamban 2012. Kowanne an yi makoki, an sauke tuta, an kafa kwamiti.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na 21 ga Fabrairun 2021. Shi ma King Air 350 ne na sojin sama. Ya tashi daga Abuja zai je Minna domin aikin neman ɗaliban Kagara da aka sace, matuƙin ya sanar da matsalar inji, ya juyo, ya faɗi kafin ya kai titin sauka, mutum bakwai suka rasu. Daga ranar zuwa ranar hatsarin Attahiru wata uku ne cif. Jirgi iri ɗaya, runduna ɗaya. Ban ce dalili ɗaya ne ya kayar da su ba. Amma tambayar da kowane ɗalibin aikin jarida zai yi ita ce: me aka gano a na farko, kuma an gyara shi kafin na biyu ya tashi? Wannan tambaya ba ta da amsa a wajen bariki.

Hujjar sojoji, da inda ta tsaya

Kada a ce na yi son kai, sojoji suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Jirgin yaƙi yana ɗauke da sirri: irin makamin da ke jikinsa, nisan da na'urorinsa ke gani, hanyar da yake bi, lokacin da yake tashi. Lokacin da Alpha Jet ya ɓace a Borno ranar 31 ga Maris ɗin 2021, ko wanda 'yan bindiga suka harbo a Zamfara a Yulin shekarar, babu mai hankalin da zai ce a baje wa duniya dukkan bayanan aikin da suka fita yi, alhali abokan gaba ma suna da waya. Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi. Makanike ko matuƙin da ya san cewa duk abin da ya faɗa zai fito a jarida, ko ya kai shi kotun soja, ba zai buɗe baki ya ce "ni na manta ban ɗaure kusar ba." Kuma in bai faɗa ba, ba za a gyara ba. Sannan a yi adalci, bayan hatsarin Kaduna rundunar sojin sama ta kafa kwamitin manyan hafsoshi masu ci da masu ritaya domin duba matakan kariya a sassanta.

Sai dai Amurka, wadda ta fi mu sirrin da za ta ɓoye, ta daɗe da raba wannan gardama. Sojin samanta kan yi bincike biyu a kan babban hatsari. Na farko na cikin gida ne, ana yi wa shaidu alƙawarin rufin asiri domin su faɗi gaskiya a gyara. Na biyu shi ne wanda ake bai wa iyalan mamata da jama'a, a cire abin da ya shafi sirrin yaƙi, a bar sauran. Ke nan ana iya rufe wani sashe ba tare da an rufe duka ba.

Kuma don Allah, wane sirrin yaƙi ne a tafiyar Attahiru? King Air jirgi ne da attajirai da kamfanoni ke saye a kasuwa. Fasinja ya ɗauko daga Abuja zuwa Kaduna, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, zai sauka a filin farar hula, a cikin yanayin da kowa a garin ya gani da idonsa. In akwai darasi a kan sauka cikin hadari a Kaduna, ai matuƙan jiragen fasinja ma suna buƙatarsa. Sararin sama ɗaya ne. A nan Kano filin jirgin Malam Aminu Kano na haɗaka ne, inda maniyyatanmu ke tashi nan ne jiragen makarantar koyon tuƙi ta sojin sama ke atisaye. A Washington, ranar 29 ga Janairun 2025, jirgin soja mai saukar ungulu ƙirar Black Hawk ya yi karo da jirgin fasinja a saman kogin Potomac, mutum 67 suka mutu. Hukumar farar hula ta NTSB ce ta ja ragamar binciken, ta zaunar da jami'an soja a zaman da kowa ke iya kallo tana yi musu tambayoyi.

Akwai kuma matsalar da ta fi ɓoye rahoto muni, wato ina binciken yake tsayawa. A tashar motarmu, in direba ya yi hatsari a hanyar Rano, abu mafi sauƙi shi ne a ce gudu yake yi. Ba a cika tambayar wa ya sayo tayar gwanjo, wa ya hana kuɗin gyaran birki, wa ya matsa masa ya yi sawu uku a yini ba. In mai motar ne alƙali, ka san inda shari'ar za ta ƙare. Haka yake a soja, har ma ya fi, domin can akwai girman muƙami. Kanar ɗin da aka naɗa ya yi bincike, ta yaya zai rubuta cewa laifin na ofishin janar ɗin da ya naɗa shi ne, wanda kuma gobe shi zai sa hannu a ƙarin girmansa? Matuƙi kuwa ya riga ya mutu, ba zai tashi ya kare kansa ba.

Birtaniya ta ɗanɗana wannan. A Yunin 1994 jirginta ƙirar Chinook ya faɗi a Mull of Kintyre da ke Scotland, mutum 29 suka mutu. Manyan hafsoshin sojin sama biyu suka yanke cewa mummunan sakacin matuƙan ne. Iyalan matuƙan suka yi ta fafutuka shekara 17, sai a 2011 wani bincike mai zaman kansa ƙarƙashin tsohon alƙali ya sa aka soke hukuncin, Ministan Tsaro ya nemi afuwarsu a gaban majalisa. Sai kuma jirgin leƙen asiri ƙirar Nimrod da ya kama da wuta a sararin Afghanistan ranar 2 ga Satumban 2006, sojoji 14 suka mutu. A nan gwamnati ta ɗauko lauya farar hula, Charles Haddon-Cave, ta ba shi damar ya bi abin har tushe. Rahotonsa na Oktoban 2009 bai tsaya a kan yoyon mai ba. Ya hau sama ya nuna yadda tsuke bakin aljihu ya rinjayi kula da lafiyar jirage, ya soki ma'aikatar tsaro da kamfanonin da aka bai wa kwangilar tantance jirgin, ya kama sunayen mutum goma. A 2010 aka kafa hukuma ta musamman mai sa ido kan lafiyar jiragen soja, wadda ba ta ƙarƙashin kwamandojin da ke tura jiragen aiki.

Na san wani zai ce ai waɗannan Turawa ne. To ga Ghana nan kusa. Ranar 6 ga Agustan 2025 jirgin sojinta mai saukar ungulu ya faɗi a hanyarsa daga Accra zuwa Obuasi, mutum takwas suka rasu, cikinsu da Ministan Tsaro Edward Omane Boamah da Ministan Muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Aka kafa kwamitin da ya haɗa sojoji da masu binciken farar hula, da taimakon ƙwararru daga Amurka. A watan Nuwamba aka tsaya gaban 'yan jarida aka yi bayani: iska mai dannowa ƙasa ce ta fizgo jirgin a saman tsaunuka cikin mummunan yanayi, kuma jirgin ba shi da wasu na'urorin kariya na zamani, irin mai gargaɗin kusantar ƙasa. Wata uku. Kenya ma, da babban hafsan tsaronta Janar Francis Ogolla ya rasu a hatsarin jirgi a Afrilun 2024, sojojin ne da kansu suka yi binciken, amma bayan shekara guda ma'aikatar tsaro ta fitar da sakamakon ta ce matsalar inji ce. Akwai 'yan Kenya da ba su gamsu ba, amma takarda ce a hannunsu suke suka.

Waɗanda ke ƙasa fa?

Duk abin da na faɗa ya shafi jirgin da ya faɗi ne. Amma mu 'yan karkarar Arewa mun san wani nau'in hatsarin jirgin soja, wanda jirgin ke komawa sansani lafiya ƙalau, mutanen ƙasa ne ba sa komawa gida. Rann ta Jihar Borno, 17 ga Janairun 2017, inda aka jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, aƙalla mutum 90 suka mutu. Bayan wata shida Hedikwatar Tsaro ta ce sansanin ba ya cikin taswirar da ake aiki da ita. Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, daren 3 ga Disamban 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi, hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85. A Mayun 2024 aka ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. A duka biyun, wanda ya yi kuskuren shi ya binciki kansa, kuma taƙaitaccen bayani aka karanta wa 'yan jarida. Wannan ba ya cikin hurumin NSIB ko da gayyata, domin a lissafin dokar jiragen sama ba a yi hatsari ba ma sam. Tudun Biri ƙauye ne irin Tarai ko Durba. Mu ma muna taron Mauludi da daddare, a fili.

Ni ban ga abin da ya gagari Majalisar Tarayya a nan ba, tunda ita ke amincewa da kuɗin sayen jiragen da na gyaransu. Layi kaɗan ne a doka: duk hatsarin jirgin soja da aka rasa rai, wanda ba a fagen daga ya faru ba, dole mai binciken farar hula ya shiga ba sai an gayyace shi ba, a sa wa'adin fitar da rahoton da aka tace, a fara nuna wa iyalan mamata kafin kowa, abin da aka cire saboda tsaro kuma kwamitocin tsaro na majalisa su gani a sirrance. Sanatocinmu da wakilanmu na Kano ta Kudu, in sun zo neman ƙuri'a, wannan ma tambaya ce da za a iya yi musu bayan ta taki da ta hanya.

Mu ɗalibai kuma akwai abin da ke hannunmu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takarda, a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Gaskiya ne ta yarda a hana abin da zai cutar da tsaron ƙasa, amma ta ce ba za a hana ba idan amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar, kuma wanda aka hana yana iya zuwa kotu. Ni da abokaina uku a aji mun riga mun tsara wasiƙarmu. Ba mu nemi muryoyin da ke cikin baƙin akwati ba. Shawarwarin nan 8 kawai muka nema, da bayanin nawa aka aiwatar a cikinsu.

Da na karanta wa gwaggona wasiƙar, ta saurara har ƙarshe. Ɗanta soja ne, ƙaramin ma'aikaci, yana Arewa maso Gabas, kuma sau biyu ana kwasarsu a C-130. Ita ba ta san Chicago ba, ba ta san Rataye na 13 ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, kwana in ya ƙare ya ƙare, wannan ba mai ja. Amma na janar guda ma ba a faɗa ba, in na yaron nan ne wa zai zo har Kibiya ya gaya min abin da ya faru?" Na ce mata za mu aika wasiƙar. Ta ce in sa sunanta a ƙasa in ana sa na waɗanda ba su yi boko ba.

Shekaranjiya ya kira ta da daddare, ya ce an ce musu wata mai zuwa za a canza su. Ta tambaye shi ta mota za su dawo ko ta sama. Ya ce ba a gaya musu ba tukuna.